An mayar da ni Sharaɗa, wane titi zan nemi haya a Kano?

Bazazzage: Assalamu alaikum 'yan zaure. Wurin aiki sun mayar da ni Kano, wani kamfani a Sharaɗa, bayan ƙaramar salla zan tare da iyali. Ni da maiɗakina da yara biyu, ɗaki biyu da falo nake nema. Dillali ya ce Zoo Road, abokin aiki ya ce Na'ibawa, surukina kuma ya ce in ba cikin gari ba to ban zauna Kano ba. Ina ya fi?

Ɗan Fagge: Wa'alaikumussalam. Wani Bazazzagen ya sake gudowa ke nan. Ku dai ba ku da aiki sai cika mana gari.

Bazazzage: Ilimi muka kawo muku, ku gode wa Allah.

Maman Khalifa: Malam, kafin a ba ka shawara faɗi ƙarfin aljihunka. In da hali ka tafi Nassarawa, Lamido Crescent ko Sultan Road ko Alu Avenue, bishiyoyi, shiru, kwalta. In babu hali kuwa kada ma ka bi ta can da iyalinka, sai ka jawo wa kanka magana a gida.

Abu Hanifa: Nassarawa da Sharaɗa? Zai ƙare albashinsa a mai.

Tsohon Ɗan Haya: Bari in yi magana a kan Zoo Road, don na zauna a bayanta. Titin kansa ba shi da laifi ga mai ziyara. Ga gidan zoo na Audu Baƙo, ga Ado Bayero Mall, ga filin baje koli, ga shagunan kaya da wuraren cin abinci har dare, ga ofisoshin 'yan fim. Baƙo ya zo maka daga ƙauye, yawon yamma ɗaya a nan ya ishe shi labari. Amma zuwa daban, kwana daban.

Ni dillali ya kai ni gidan da rani, ƙasa a bushe, an yi sabon fenti, har da ce min unguwar ba ta san ambaliya ba. Da watan Agusta ya kama sai na gane lungun ya fi bakin titi gangara, duk ruwan da ya sauko daga kwalta wurinmu yake tarewa, kwatar kuma cike da leda da robar lemo. Ruwa ya shiga falo, ya jiƙa katifu, kujerun uwargida har yau suna wari. Na je wa mai gida, ya ce shi ma jarrabawa ce ta same shi. Dillali kuwa ya riga ya karɓi la'adarsa, wayarsa ta daina shiga. Ga kuma janaretocin shagunan da ke gabanmu, sai sun tashi kasuwa kake samun barci, su kuma ba sa tashi da wuri.

Don haka ɗan'uwa, sunan titi ba ya gaya maka komai. A Zoo Road ɗin nan akwai Kundila, gidaje a tsare da layuka masu faɗi, akwai kuma lungun da ko adaidaita ba ya shiga. Duk gidan da aka nuna maka, duba gindin katanga daga waje, in ka ga zanen da ruwa ya bari ko sabon siminti iya gwiwa, ka kama gabanka. Ka koma da daddare bayan isha'i ka tsaya ka saurara. Sannan ka tare mai kurar ruwa ka tambaye shi nawa jarka a layin, kuma daga ina yake ɗebowa. Shi ba ya cin la'ada, gaskiya zai gaya maka.

Hajiya Babba: Allah ya mayar da alheri. Maganar mai ruwan nan ita ce magana. Gidan da ba rijiya ba burtsatse, kuɗin ruwan shekara sai ya kusa kama rabin haya in yara na da yawa.

Ɗan Fagge: Rabin haya Hajiya? Wanki kike yi wa unguwa?

Hajiya Babba: Kai da ba ka aje iyali ba ina za ka sani. Yi aure tukuna.

Injiniya: Tunda Sharaɗa ne aikin, ka duba Gandun Albasa, Shagari Quarters, Sabuwar Gandu ko Ja'en. Duk ba sai ka ratsa tsakiyar gari ba. Na'ibawa ba laifi, kuma tana kan titin Zariya, ranar Juma'a ka tashi aiki ka kama hanyar gida kai tsaye. Ga 'Yan Lemo kusa, ga tashar Unguwa Uku, ga asibitin Malam Aminu Kano a kan hanya ɗaya. Sai dai manyan motoci da ƙura, musamman wajen 'Yan Katako. Kada ka karɓi gidan da ke kallon titi.

Ummu Sultan: Kuma kada ya matsa kusa da masana'antun sosai. In iska ta juyo da warin fata da hayaƙi, yara ne ke shan wahala.

Abu Hanifa: Ba wanda ya ambaci Rijiyar Zaki da Janbulo. Titin Gwarzo ya fi duk waɗannan tsari, malaman BUK ma can suka cika.

Injiniya: Ka taɓa bin Kabuga ƙarfe bakwai da rabi na safe ranar Litinin? Duk da gadar ƙasan.

Abu Hanifa: Ai ko Ɗangi an yi gada, kuma ba a daina tsayawa ba.

Ɗan Cikin Badala: Surukinka ya fi su gaskiya. A cikin gari ne kawai za ka yi tafiya ka bar iyali hankalinka kwance, maƙwabta sun san wanda ya shiga da wanda ya fita. Yaro ya yi ba daidai ba, dattijon layi zai tsawatar kafin ka dawo. Ranar Hawan Daushe daga ƙofar gida za ka ga dawaki. Kurmi kusa, marinar Ƙofar Mata kusa, yara su hau Dala su ga gari.

Maman Khalifa: Ka gaya masa inda zai aje mota. Lungun Yakasai ko na Koki ko gawa sai an ɗauko a kafaɗa zuwa bakin titi. Kuma gidan haya mai banɗaki a ciki nawa ne a can? Yawanci gidajen gado ne.

Ɗan Cikin Badala: Anti, mota ake aure ko mutane?

Bazazzage: Ina biye da ku. Babur gare ni ba mota ba. Amma ita maiɗakin tana sarin atamfa da leshi, za ta riƙa zuwa Kwari.

Ɗan Fagge: To ka zo Fagge mana, da ƙafa za ta shiga Kwari, Singa ma ga ta nan. Sai dai ka manta da barcin rana. Titin Ibrahim Taiwo da IBB daga hantsi zuwa magariba ba masaka tsinke, 'yan dako, masu baro, adaidaita, kowa na ihu. Kuma ka san tun 2013 aka hana acaɓa a Kano, ita dai adaidaita ce abin hawanta.

Ummu Sultan: Ta riƙa saka waya can cikin jaka in ta hau, ban da latse-latse a bakin ƙofa. Wannan ba unguwa ɗaya ba ce, ko'ina ne.

Mai Shayi: Ni abin da zan ce, duk inda ka zauna, ka je Jakara ka sayi gurasa da zafinta. Ku Zage-zagi ba ku san bandashe ba.

Ɗan Cikin Badala: Yanzu ka yi magana. Ƙuli da yaji da man gyaɗa, a yanka albasa da tumatir.

Hajiya Babba: Wadda ake yi yanzu duk yis ce, ta da ta fi nauyi.

Mai Shayi: Hajiya haƙora ne suka canza ba gurasa ba.

Hajiya Babba: Za ka zo neman bashin sukari, ina nan.

Baban Amira: Afuwan, tunda ana maganar, ni ma ƙanena zai yi aure yana duba Hotoro, wajen depo. Yaya can?

Injiniya: Tankokin mai ne matsalar bakin titin Maiduguri, dare da rana. Ya shiga ciki wajen Hotoro ta Arewa, ko ya ƙara gaba Farawa in yana son sauƙin kuɗi. A ina yake aiki?

Baban Amira: Dawanau.

Injiniya: Dawanau kuma Hotoro? Gabas da yamma ke nan. Ya nemi Kurna ko Rijiyar Lemo ko Bachirawa a titin Katsina, mota ɗaya ce.

Baban Amira: Amaryar ce ta ce ita ba za ta yi nisa da gidansu ba, 'yan Mariri ne.

Ɗan Fagge: To ya sayi babur mai shan mai kaɗan.