Tangaɗin tafiya saboda ciwon jijiya: wane irin takalmi ne ya dace?

Ɗiyar Dattijo ta rubuta:

Assalamu alaikum. Mahaifina yana da shekara 68, kuma ya daɗe yana fama da ciwon suga. Tun bara muka lura tafiyarsa ta canja, domin yana buɗe ƙafafu idan zai taka, idonsa kullum a ƙasa, kuma da zarar duhu ya yi sai tangaɗin ya ƙaru har sai ya dafa bango. Yakan ce ji yake kamar a kan auduga yake tafiya. Sau biyu ya faɗi cikin wata uku, na biyun kuwa silifa ce ta fice daga ƙafarsa bai sani ba. Na saya masa kanbas mai kauri da taushi, amma ya ce idan ya sa shi abin ya fi tsananta. Don Allah masu sani ku taimaka mini da bayanin irin takalmin da ya dace da shi.

Ma'aikacin Gashin Ƙashi ya amsa:

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa, Allah ya ba Baba lafiya. Tsayuwar mutum daidai ta dogara ne da saƙonni uku da ke isa ƙwaƙwalwa: abin da ido ya gani, abin da sashen cikin kunne ya auna na motsin kai, da abin da jijiyoyin tafin ƙafa da gaɓoɓi suka ji. Ciwon suga da ya daɗe yana lalata jijiyoyin ƙafa, sai saƙo na uku ya raunana, mutum ya koma dogaro da ido. Shi ya sa Baba yake kallon ƙasa, shi ya sa kuma duhu yake ƙara masa tangaɗi.

Kanbas ɗin da kika saya ya ƙara nisanta tafin ƙafarsa da ƙasa, ya danne ɗan jin da ya rage masa. Ki nemi sau-ciki mai ƙasa mai faɗi da ƙarfi wadda ba ta santsi, tudun diddigensa kada ya wuce santimita 2.5, bayansa kuma ya kasance mai tauri yadda zai riƙe dunduniya kada ta karkace. Ya zama mai igiya ko maɗauri mai mannewa, gabansa da yalwa, a bar kamar santimita 1 tsakanin yatsa mafi tsawo da bakin takalmin. A gwada shi da yamma, lokacin da ƙafa takan ɗan kumbura. Sai dai kafin komai likita ya duba shi, ya kuma auna bitamin B12 a jininsa, musamman idan ya daɗe yana shan maganin ciwon suga mai suna metformin, domin maganin yana iya rage wannan bitamin, ƙarancinsa kuma shi ma yana lalata jijiya.

Mai Jinyar Mama ta amsa:

'Yar'uwa, na ji zafin abin da kike ciki, domin mahaifiyata cutar Parkinson ce ta kama ta, wato ciwon jijiyoyin ƙwaƙwalwa mai kawo karkarwa da wahalar motsi. Nata tangaɗin daban ne da na Baba: takunta gajeru ne, tana jan ƙafa a ƙasa, wani lokaci kuma ƙafar ta kafe mata a bakin ƙofa kamar an manna ta. Na taɓa saya mata takalmi mai roba mai kama ƙasa sosai don tsoron santsi, sai ya zama shi ne yake harɗe ta a kan darduma, saboda ba ta ɗaga ƙafa. A sashen gashin ƙashi aka nuna mana mai ƙasa matsakaiciya wajen kama ƙasa, kuma muka daina amfani da mai igiya tunda karkarwar hannu ba ta barin ta ɗaure. Na kawo wannan ne domin kada wani ya karanta shawarar da aka ba ki ya ɗauka ta dace da kowane mai tangaɗi.

Malamar Jinya ta amsa:

Ina so in ƙara abin da ya fi tayar mini da hankali a bayaninki, wato ficewar silifa bai sani ba. Ƙafar da ba ta jin haka ba za ta ji tsakuwa ko ƙusa ba, kuma ƙaramin rauni a ƙafar mai ciwon suga yana iya zama gyambo. Don haka ƙarfin takalmin ya tsaya a ƙasansa ta waje, cikinsa ya kasance mai laushi marar ɗinki mai gurza. Ki sa hannu ki laluba cikinsa kullum kafin ya sa, ki duba tafin ƙafarsa da tsakanin yatsu kowane dare, kuma kada ya yi tafiya ba takalmi ko a cikin ɗaki. Idan kuwa tangaɗin ya zo farat ɗaya tare da karkacewar baki, sarƙewar magana ko mutuwar hannu, alamun shanyewar ɓarin jiki ke nan, a garzaya da shi asibiti nan take.

Ɗiyar Dattijo ta sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka muku da alheri. Lallai Baba ya daɗe yana shan metformin, kuma ba a taɓa yi masa wannan awon ba. Zan yi wa likitansa maganar a ganinsu na gaba, zan kuma tafi da kanbas ɗin da silifar domin a gani.