Injin Ƙaramin Jirgi Mai Ɗaukar Mutum Ɗaya: Abin da Masu Harkar Suka Ba da Shawara

A wata tattaunawa da masu harkar suka yi kan injin da ya dace da ƙaramin jirgin sama mai ɗaukar mutum ɗaya, kowa ya yarda cewa nauyi ne tushen matsalar. A Amurka dokar Part 103, wadda ta shafi irin waɗannan jirage, ta ce nauyin jirgin, ba tare da mai ko matuƙi ba, kada ya kai fam 254, wato kusan kilo 115. Injin Rotax 912 kuwa, duk da amincinsa, ya haura kilo 55 shi kaɗai. Rabin nauyin ya tafi ke nan, ba a zo maganar fukafukai ba.

Shi ya sa galibi suka karkata ga inji mai bugu biyu, wanda bai kai shi nauyi ba, irin wanda ake haɗa masa fetur da baƙin mai kamar ƙaramin janareto. Rotax 503 mai ƙarfin doki 50 shi aka fi yabo, sai dai kamfanin Rotax na Austriya ya daina ƙera shi, sai na hannu. A nan aka daɗe ana jan kunne: a nemi takardun awannin da ya yi, a cire bututun hayaƙi a leƙa fistin, in an ga zane a jikinsa a haƙura. Awa 300 ake ba shi kafin garambawul, kuma wanda ya shekara a ajiye ya fi wanda ake tashi kullum haɗari, saboda tsatsa.

Masu son sabo an nuna musu injinan kamfanonin Hirth na Jamus da Polini na Italiya. Ni dai shawarar da ta fi kama hankalina ita ce a zaɓi mai fulogi biyu a kowace silinda, a kuma auna nauyin tare da giya da farfela da salansa, ba inji tsirara ba.