Tun rasuwar maigidana na kasa zaman sujada, ku ba ni shawara

Maman Biyu: Salama gare ku 'yan'uwa. Yau wata 7 da rasuwar maigidana. Jinyar wata 5 muka yi, ciwon ƙoda. Ni ke kwana a asibiti, ni ke juya shi, ni ke karanta masa Zabura 91 kowane dare har ya yi barci. Na yi azumi sau uku, dattawa sun zo sun shafa masa mai sun yi addu'a. Ranar da ya ɗan samu sauƙi har shaida na bayar a gaban ikilisiya. Bayan mako biyu ya tafi. Shekara 12 ina cikin mawaƙa, amma yanzu da an ɗaga waƙar da aka rera a jana'izarsa sai in fice. Addu'a kuwa baki ya ƙi buɗuwa. Ga kuma abin da ya shiga tsakanina da fasto. Na fāɗi daga bangaskiya ke nan?

Baba Dattijo: 'Yata, sannu da haƙuri. Amma ba zan ɓoye miki ba, Lahadin nan ki koma. Ibraniyawa 10:25 ta hana mu barin taruwa. Ayuba ya rasa 'ya'ya 10 rana ɗaya, ya durƙusa ya yi sujada. Garwashin da aka ware daga murhu mutuwa yake yi.

Malamar Lahadi: Baba, a ci gaba da karatun mana. A sura 3 Ayuban nan ya la'anta ranar haihuwarsa. Abokansa sun zauna kwana 7 ba su ce uffan ba, da suka fara wa'azi ne suka ɓata, kuma a 42:7 su Allah ya tsauta wa. 'Yar'uwa, buɗe Zabura 88. Da duhu ta ƙare, kuma addu'a ce.

Uwar Marayu: Ni da ɗana ya rasu, mako guda aka yi ana cika gida, daga nan ɗif. Har yau ba wanda ya ƙwanƙwasa ƙofata, sai dai in an tashi karɓar gudummawa. Shi ya sa na canza ikilisiya.

Baba Dattijo: Ba a guje wa gida don rufi na yoyo. Kuka kuma ba laifi, Yesu ma ya yi a kabarin Li'azaru, sai dai 1 Tasalonikawa 4:13 ta ce kada baƙin cikinmu ya zama irin na marasa bege. Me ya haɗa ki da fasto?

Maman Biyu: Baba, ban daina zuwa ba fa, nakan je in tsaya a waje wajen taga. Maganar fasto a bar ta. Amma wanda bai kwana asibiti ba, ba shi zai ce mini komai don alheri ne kwana biyu da binne mijina ba.

Malamar Lahadi: To ki ci gaba da tsayuwa wajen tagar. Romawa 8:26 ta ce Ruhu yana roƙo dominmu lokacin da ba mu san abin faɗa ba.

Baba Dattijo: Jibin Ubangiji fa, gurasa da ƙoƙon da ake rabawa a cikin sujada, ta taga za a miƙa mata?

Maman Biyu: Yarana dai suna shiga. Ƙaramar ce jiya ta tambaye ni ko fushi nake da Allah, na ce ta je ta kwanta.