RTL-SDR a kan tsohuwar kwamfuta mai Windows 7: wace manhaja za ta hau?

Ɗan Tudun Wada:
Assalamu alaikum. Laftof ce mai Windows 7, 32-bit, RAM 2GB, da dongul na RTL-SDR V3, ƴar na'urar USB mai mayar da kwamfuta rediyo. Manhajar sauraro ta SDR# ta ƙi buɗewa, sai ta ce a saka sabon .NET, tsarin Microsoft da take dogara da shi, shi kuma ya ƙi hawa. Ana son kama FM da gajeren zango. Akwai mafita, ko sai an sauya kwamfutar?

Injiniya Kawo:
Wa alaikumus salam. Malam, bar SDR# ɗin nan, sababbin fitowarta Windows 10 zuwa sama suke nema. Sauke manhajar HDSDR a madadinta, ba ta da nauyi kuma ba ruwanta da .NET. Amma ita kaɗai ba ta ganin dongul, sai ka nemo fayil ɗin ExtIO_RTL2832.dll, wanda ke haɗa ta da shi, ka jefa cikin foldar da ka girka ta.

Inda aka fi tuntuɓe direba ne. Windows kan ɗauki dongul ɗin a matsayin na kallon talabijin, ta ɗora masa direban da bai dace ba. Buɗe Zadig, manhajar sauya direba, shiga Options, danna List All Devices, zaɓi Bulk-In, Interface 0, ka ɗora masa direban WinUSB. Ka duba sunan da kyau kafin ka danna, domin idan ka zaɓi linzami ko kibod, nan take zai daina aiki. In ka sauya ramin USB aka daina ganinsa, maimaita Zadig.

Sai saurin samfuri, wato yawan bayanan da dongul ke turo wa kwamfuta a daƙiƙa: 2.4 MS/s ya yi wa irin wannan kwamfuta yawa, sauti zai riƙa tsinkewa. Mayar da shi 1.024. Gwada da Supreme FM ta Kaduna a 96.1, tana da ƙarfi a cikin gari.

Baban Rigasa:
Ƙari kan gajeren zango. Tunar R820T2, sashen kamo tasha da ke cikin dongul ɗin, ba ta sauka ƙasa da kusan 24 MHz, don haka sai ka kunna Direct Sampling, mai tsallake tunar, a saitin ExtIO, ka zaɓi reshen Q. Ka tuna kashe shi in za ka koma FM, in ba haka ba shiru za ka ji. Ƴar eriyar da ke cikin kwali ba za ta yi ba. Miƙa waya mai tsawon mita 10 a waje, nesa da wayoyin wuta. Eriyar FM mai hannu biyu kuwa, santimita 78 kowane hannu ya isa. Idan ka ga layuka sun cika allo, zare cajar laftof ka gani. Caja ƴar arha da inbata su ne manyan masu kawo ƙara, musamman ƙasa da 10 MHz.

Ɗan Tudun Wada:
Na gode ƙwarai. Linux fa?

Injiniya Kawo:
Za ta yi, amma ba Ubuntu na yanzu ba, ya daina fitar da 32-bit. Ɗauki Debian 12. Girka rtl-sdr, ka toshe direban talabijin dvb_usb_rtl28xxu a cikin /etc/modprobe.d, ka sake kunna kwamfutar, sannan ka buga rtl_test. In ta kira sunan tunar, ka gama. Manhajar sauraro ta Gqrx za ta ɗan ja ƙafa a 2GB. Manhajar rtl_fm kuwa ko hoton zango ba ta zanawa, sauti kawai take tura wa aplay, mai fitar da sauti a Linux, shi ya sa ko tsohuwar kwamfuta mai Intel Atom tana ɗaukarta.