Na sassauta kuloci, yanzu kuma giya ta ƙi shiga

Assalamu alaikum, masana harkar mota. Ina neman shawararku kan wata matsala da ta ci mini tuwo a ƙwarya.

Motata Land Cruiser ce mai giyar hannu, kuma aikinta hawan duwatsu da shiga laka. Tun da na sa mata filet ɗin kuloci mai ƙarfi, kuloci ya yi tauri sosai. A hanyar duwatsu kuwa ƙafa ba ta sauka daga feda, kafin awa biyu gwiwata ta hagu ta fara zafi.

Sai na cire masta silinda (wadda ke tura mai idan an taka fedar kuloci) mai faɗin milimita 19, na sa mai kusan 16. Feda ta yi laushi, babu shakka. Amma ƙaramar silinda man da take turawa ya ragu da kusan kashi 30 cikin 100, don haka silindar ƙasa, wadda man ke zuwa wurinta, ba ta tura cokali, wato ƙarfen da ke sakin kuloci, yadda ya kamata. Giya ta ɗaya tana shiga da ƙyar, ribas kuwa sai ta yi ƙara. Na fitar da iska daga hanyar mai sau uku da sabon man birki nau'in DOT 4, na sauya tiyon roba da mai saƙar ƙarfe, na gyara tsawon sandar feda. Duk a banza.

Abin da nake tsoro shi ne ƙara tsawon sandar har ta toshe ramin da mai ke komawa tanki, kuloci ya riƙa zamewa.

To, in koma kan tsohuwar silinda in ƙara mata busta mai aiki da zuƙar iska, kamar na birki? Ko akwai wata silindar ƙasa da za ta dace? Wanda ya taɓa yin wannan, don Allah ya faɗa mini girman da ya haɗa.