Ƙwayar Red a Zangon Accra: abin da muke gani a wuraren aikinmu

Malamin makaranta, unguwar Nima: Salamu alaikum iyaye. Kowa ya kawo abin da ya sani game da yara da ƙwaya, don da yawa ba sa ganewa sai abu ya yi nisa.

Mai kantin magani, Mamobi: Wa alaikumus salam, Malam. A fara da laluben aljihu kafin wanki. Tramadol ɗin da hukumar kula da abinci da magunguna ta Ghana (FDA) ta amince da shi 50mg ne da 100mg, shi ma sai da takardar likita. In kun ga fallen magani an rubuta 225 ko 250, ta bayan fage ya shigo. Wanda yara ke kira Red kuwa galibi haɗin tapentadol ne da carisoprodol, duka biyun suna kashe jiki, su danne numfashi. Cikin lemon ƙara kuzari suke jefa shi, ba hayaƙi ba wari, uwa na kallo ba ta sani ba.

Nas, Madina: Iyaye jan ido suke nema, alhali wannan na wiwi ne. Mai shan ƙwaya, baƙin idonsa tsukewa yake yi kamar bakin allura. Ga gyangyaɗi ana cikin magana, ga susa, ga kwana da kwanaki ba bayan gida. In ya faɗi yana wani irin minshari, an girgiza shi bai farka ba, a kwantar da shi ta gefe, a kira lambar gaggawa 112. Don Allah kar a ɗura masa madara ko manja, huhu suke wucewa. Tramadol in ya yi yawa yana kawo jijjiga; kar a danne shi, kar a cusa cokali a baki. A tafi asibiti da fallen maganin.

Hajiya mai abinci, Sabon Zango: 'Yata, ki ƙara da wannan. Yawanci ba don nishaɗi suke farawa ba. Yaron okada ko mai dako, aboki ne ke miƙa masa wai maganin gajiya.

Nas, Madina: Haka ne, Hajiya. Kulle yaro a ɗaki kuma ba magani ba ne. In ya rasa ƙwayar, cikin kwana ɗaya zai fara gumi, hamma, zawo da ciwon gaɓoɓi. Mafi haɗari shi ne bayan ya fito: jiki ya saba da rashi, in ya koma kan adadin da yake sha a da, numfashi na iya tsayawa. Asibitin Pantang da Korle Bu suna da sashen masu shaye-shaye, likita ne ke tsara yadda za a janye shi daga ƙwayar.