Shafukan da suka ƙi dawowa: ha'inci ne ko sakaci?

Malamin sakandare: Assalamu alaikum, jama'ar wannan zaure. A makon jiya na kai laftof ɗina wani shago saboda nauyin da take yi, yaron shagon ya ce zai share mata datti, na biya shi ba tare da na nemi ragi ba. Tun da na dawo da ita, idan na rufe shafi bisa kuskure a burauza, wato manhajar shiga intanet, na danna Ctrl da Shift da T masu dawo da shi, babu abin da yake dawowa, jerin shafukan da aka rufe kwanan nan kuma fayau yake. Duk shafukan da na tara domin shirya wa ɗalibaina jarrabawa sun tafi. Wannan ha'inci ne, kuma hali ne da masu gyaran kwamfuta suka daɗe suna yi wa jama'a.

Mai gyaran kwamfuta: Wa alaikumus salam, Malam. Muna jajanta maka, amma ka yi mana kuɗin goro, kuma kalmar ha'inci ta yi nauyi. Ha'inci shi ne a zare maka RAM, wato ma'adanar aiki ta kwamfuta, mai giga 8 a maye shi da mai giga 4, ko a sauya maka batir a ɓoye. Manhajojin share datti kuwa aikinsu ke nan su goge tarihin bincike da fayilolin da burauza take ajiye buɗaɗɗun shafuka a ciki, irin waɗanda burauzar Chrome ke zubawa a jakar Sessions. Da zarar sun tafi, babu abin da maɓallan za su dawo da shi. Kai ka ce a share, an kuma share.

Hajiya mai shagon buga takardu: Ƙanena, ban yarda da wannan fassarar taka ba. Idan na kai wa tela riga ya rage mini hannu, ya ga zai taɓa aikin wuyan amma ya yi shiru ya sa almakashi, ai ya ha'ince ni ko da bai saci ƙyalle ba. Wanda ya san abin da shara za ta kwashe, ya karɓi kuɗi bai faɗa ba, ya ɓoye wa mai kaya gaskiya.

Ɗalibar kimiyyar kwamfuta: Malam, don Allah wace burauza kake amfani da ita? Sharar da aka yi sau ɗaya za ta iya bayyana ɓatan tsofaffin shafuka, amma ba ta bayyana dalilin da ya sa wanda ka rufe yau ya ƙi dawowa ba. Idan Chrome ce, duba ko a tagar Incognito kake, wato tagar sirri da ba ta ajiye tarihi, domin shafin da aka rufe a cikinta ba ya dawowa. Idan Firefox ce, rubuta about:config a wurin adireshi ka nemi browser.sessionstore.max_tabs_undo, wato adadin rufaffun shafukan da take tunawa, wanda a ka'ida yake kan 25, idan kuma aka mayar da shi 0 to an kashe aikin baki ɗaya. Sannan ka danna dama a kan fili maras komai na layin shafuka ka zaɓi sake buɗe wanda aka rufe. Idan ya dawo ta nan, matsalar ta maɓallan ce.

Matashin mai gyara: Hajiya, da girmanki, abin da kika kwatanta sakaci ne. Mai ha'inci yana amfana da abin da ya yi, to mene ne ribar yaron shago a shafukan jarrabawar Malam? Kullum mu ake ɗora wa laifi, alhali mutane suna kawo mana kwamfuta da shafuka buɗe birjik, ba su taɓa adana ko ɗaya ba.

Hajiya mai shagon buga takardu: Malam bai kama sunan kowa ba, amma ga shi kun fito ku biyu a jere. Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as.

Mai gyaran kwamfuta: Hajiya, injinan shagonki da suka tsaya a lokacin rajistar jarrabawa, su wa suka kwana a kansu? A ranar ba mu ji an kira mu maha'inta ba.

Hajiya mai shagon buga takardu: Kun kwana, na kuma biya ku har da na shayi, saboda haka kada a yi mini gori a bainar jama'a.

Dattijo mai ritaya: Ku yi haƙuri, 'ya'yana, duk kun bar tushen zancen. Da Malam yana kan Firefox da ba mu zo nan ba. Tun fitowarta a 2004 nake tare da ita, kuma a cikin jakarta akwai wurin da ake kira sessionstore-backups, inda fayil mai suna previous.jsonlz4 yake riƙe da shafukan zaman da ya gabata, mai ilimin abin yana iya farfaɗo da su daga nan. Amma kowa ya ruga wajen Chrome mai cinye RAM.

Matashin mai gyara: Baba, ai babu wanda ya ce Malam ba a kan Firefox yake ba. Kuma tun 2020 Microsoft da kansa ya ɗora burauzarsa ta Edge a kan Chromium, tushen da Chrome ke kai, ka ga inda duniya ta fuskanta. Kwamfutocin da ake kawo mini, da wuya in ga Firefox a kansu.

Dattijo mai ritaya: Yawan mabiya ba hujja ba ne, yaro.

Matashin mai gyara: Ina da mata da 'ya'ya, Baba, na wuce a kira ni yaro a zauren da abokan cinikina suke ciki.

Ɗalibar kimiyyar kwamfuta: Akwai wani abu da ya kamata Malam ya lura da shi. A Firefox, Ctrl da Shift da N suna dawo da tagar da aka rufe, amma a Chrome waɗannan maɓallan tagar Incognito suke buɗewa, saboda haka wanda ya saba da ɗaya yana iya faɗawa cikin ɗayar bai sani ba. Haka kuma mai yiwuwa an bar manhajar sharar tana aiki da kanta duk lokacin da aka rufe burauza. Malam, danna Ctrl da H ka gaya mana ko akwai shafukan jiya a tarihin.

Malamin sakandare: Na karanta duk abin da aka rubuta, kuma ina nan a kan bakana. Maƙwabcina ma ya kai tasa wani shagon, ya dawo yana kuka da su. Ba zan janye kalmar ba, domin ni na san abin da na rasa.

Shugaban zaure: Jama'a, a matsayina na wanda ya daɗe a wannan sana'a ta gyara, bari in taƙaita. Kusan kowa ya amince cewa babu ha'inci a nan, iyakarta rashin fahimta ce tsakanin Malam da yaron shago, kuma bayanin 'yarmu ɗaliba ya nuna laifin yana wajen mai kwamfutar. Maganar Firefox ba ta da alaƙa da batun. Duk mai kai kwamfuta gyara ya danna Ctrl da Shift da D tukuna, ya adana shafukansa gaba ɗaya. Muna jiran Malam ya nemi afuwar masu sana'a, kuma na rufe zauren sai bayan sallar isha'i.